Sharhi: Aiki a Dakoro, ubangida a Yamai

Duk shekara, daga watan Yuli zuwa Oktoba, gundumar Dakoro da ke arewacin jihar Maraɗi tana cika da ma'aikatan da ba su da kujera a kowane ofis. Su ne masu bin gida-gida suna ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Su ne masu auna damtsen yara don gano tamowa, da ma'aikatan jinyar da ake ƙarawa idan gadajen asibiti suka cika, da direbobi, da masu gadi, da masu shara, da masu sauke buhunan abinci a rumbunan ajiya. Da zarar an yi girbi, aikin ya lafa, a sallame su sai baɗi.

Babu mai musun cewa irin wannan aiki na lokaci ne. Tun yunwar shekarar 2005, lokacin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe cibiyar kula da yara masu tamowa a garin Dakoro, har zuwa shekarun da ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka ci gaba da irin wannan aiki a gundumar, kowa ya san majinyata na ninkuwa a tsakiyar damina, su ragu bayan kaka. Ba za a ce a riƙe ma'aikacin wata huɗu har wata goma sha biyu ba. Abin da ya kamata a tsaya a duba shi ne hannun da ke biyan wannan ma'aikaci, da kuma sunan da ke rubuce a kan takardar aikinsa a matsayin ubangida.

A da, wanda ya sa aiki shi ke biya. Akawu ya zo da jakar kuɗi da takardar sunaye, a kira mutum, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, ya ƙirga abinsa a gaban shaidu. Yanzu a faɗin Nijar ma'aikatun gwamnati, da ƙungiyoyin agaji, da kamfanoni, suna ƙara karkata ga miƙa wannan ɗawainiya ga wani na uku. Kuma a nan ne ake haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne, ko don rashin sani, ko don haɗa su yana yi wa wasu daɗi.

Na farko shi ne a ba wani ya isar da kuɗi kawai. Ma'aikacin yana nan a hannun wanda ya ɗauke shi, sai dai albashinsa ya bi ta gidan waya, ko ta kamfanin aika kuɗi irin su Nita da Amana da Al Izza, ko ya faɗo cikin wayarsa ta Airtel Money ko makamancinsa. Na biyu kuwa shi ne a miƙa ma'aikacin kansa: wani kamfani ya ɗauke shi a takarda, ya riƙe sunansa, ya biya shi, sannan ya ba da aronsa ga wanda ke buƙatar aikin. A tsari na farko hanyar kuɗi ce ta canza. A na biyu ubangida ne ya canza, alhali aikin, da wurin aikin, da mai ba da umarni kullum safiya duk suna nan yadda suke.

Wannan jarida ba ta da ja da tsari na farko, kuma adalci ne a faɗi alherinsa. Malaman kwantiragi su ne babban misali. Nijar ta fara ɗaukar irin waɗannan malamai ne a ƙarshen shekarun 1990 da sunan masu aikin sa kai, a kan jaka 35 ta kuɗin sefa a wata, har suka zo suka zama su ne mafi yawa a cikin malaman firamare. Shekara da shekaru ana biyansu hannu da hannu, kuma binciken da hukumomi suka yi ya bankaɗo sunayen malaman da babu su a kowane aji, amma kuɗinsu na fita duk wata. Daga baya gwamnati ta danƙa biyan alawus ɗin nasu ga hukumar gidan waya ta Niger Poste. Duk abin da za a ce game da layin da malamai ke yi a bakin taga, ko doguwar tafiyar da malamin ƙauye ke yi kafin ya kai inda ake biya, cusa sunan bogi ya fi wuya a tsarin da sai mai suna ya bayyana da katin shaidarsa. Ga kuma batun tsaro. A jihar da 'yan bindiga suka addabi gundumomin kudancinta da ke iyaka da Najeriya, babu akawun da zai so a san ranar da zai ɗauki jakar kuɗi ya bi hanyar daji.

Ko binciken masana ya goyi bayan haka. A shekarar 2010, lokacin fari, ƙungiyar Concern ta raba tallafin kuɗi a wasu ƙauyukan jihar Tawa, wasu ta waya, wasu hannu da hannu, kuma masu binciken da suka bi sawun aikin sun gano cewa waɗanda suka karɓa ta waya sun rage tafiya da zaman jira.

Sai dai akwai wani abu a misalin malaman da ya fi duk waɗannan muhimmanci. Idan alawus ya yi jinkiri, kuma ya sha yin jinkirin, malami ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Ƙungiyoyinsu irin su SYNACEB gwamnati suke yi wa yajin aiki, domin ita ta ɗauke su, ita ce kuma ba ta zuba kuɗin ba. Gidan waya ɗan aike ne, kuma kowa ya san matsayinsa ke nan. Ma'aikacin da aka miƙa wa kamfanin samar da ma'aikata ba shi da wannan gata.

A ɗauki mai gadi ko direban da ke aiki a wani ofis a garin Dakoro, amma takardarsa na ɗauke da tambarin wani kamfani mai mazauni a Yamai. Wata ya ƙare, kuɗi bai shigo ba. Ya je wurin shugaban ofis, wanda ke ganinsa kullum, wanda ke sa shi aiki har ranar hutu, sai a ce masa: "Malam, ai kai ba ma'aikacinmu ba ne, mu mun riga mun biya kamfaninku." Ya buga wa kamfanin waya, idan ma an ɗauka, a ce masa ai ofis ɗin ne bai turo kuɗin ba, ko an turo takarda ba sa hannu. Ba shi da hanyar sanin mai gaskiya a cikinsu, domin bai taɓa ganin yarjejeniyar da ke tsakaninsu ba, kuma bai san nawa ake biya a kansa ba. Idan ya yi niyyar kai ƙara, ofishin sufeton ƙwadago na jiha yana Maraɗi, tafiyar sama da kilomita 100. Wanda zai kai ƙarar tasa kuma yana Yamai, sama da kilomita 600 daga Maraɗin. Kuɗin mota kaɗai zai cinye rabin abin da yake bi. Mafi yawa sai su bar wa Allah, kuma masu wannan tsari sun san za a bar wa Allah ɗin.

Jinkirin mako biyu ko uku ba wani abu ba ne ga mai babban albashi da asusu a banki. A Dakoro kuwa aikin wucin gadi yana faɗowa ne daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, tiyar hatsi ta yi tsada, sabon gero bai nuna ba. Mutumin da ya bar nomansa ya karɓi aikin wata huɗu ya yi lissafin cewa albashin zai biya masa 'yan ƙwadagon da za su yi masa noma na biyu. Idan kuɗin ya makara, ciyawa ba ta jiran sa hannun wani darakta. Sai ya ci bashin mai shago, ko ya karɓi hatsi a kan zai biya da kaka a farashin da mai ba da bashin ya yanka. Kuɗin zai zo daga baya cif-cif, a rubuta a rahoto cewa an biya kowa, amma asarar ta riga ta auku, kuma ba ta cikin rahoton kowa.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar ƙwadago mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumban 2012 ta amince da kamfanonin samar da ma'aikatan wucin gadi, ta kuma gindaya musu sharuɗɗa, sannan dokar zartarwa ta watan Agustan 2017 ta ƙara fayyace su. Manufar a bayyane take: ana aron ma'aikaci ne don aikin da ba na dindindin ba, na ɗan wa'adi. Dokar ta ce mai albashin wata a biya shi cikin kwana takwas bayan ƙarshen watan, a kuma ba shi takardar albashi da ke nuna abin da aka biya da abin da aka cire. A shekarar 2015 Nijar ta rattaba hannu kan yarjejeniya mai lamba 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta hana irin waɗannan kamfanoni cajin ma'aikaci kuɗi don sun sama masa aiki, ta kuma wajabta wa ƙasa ta fayyace wane nauyi ne ke kan kamfanin da ya ba da aro, wane ne ke kan wanda ya ara, a batun albashi, da inshorar ma'aikata, da diyyar hatsari. Mafi ƙarancin albashi kuma ya tashi daga sefa 30,047 zuwa sefa 42,000.

A takarda, ke nan, ma'aikacin Nijar ba maraya ba ne. Matsalar ita ce takardar da Faransanci take, mai sa hannun sau da yawa bai iya karanta ta ba, kuma ba kasafai ake ba shi kwafinsa ya tafi da shi gida ba.

Inda ɓarnar ta fi ɓuya shi ne asusun inshorar ma'aikata na CNSS. Ana cire wa ma'aikaci kashi 5.25 cikin 100 na albashinsa, ubangida kuma ya ƙara kashi 16.4. A kan albashin jaka 42, abin da ake cire wa ma'aikacin ya kama sefa 2,205, na ubangida kuma sefa 6,888 a kowane wata. Wannan kuɗi ne ke tsaya wa mutum idan ya ji rauni a bakin aiki, shi ke ba shi kuɗin iyali, shi ne kuma ake tarawa wata bayan wata har ya kai shekara 60 ya nemi fansho. Wanda ya ari ma'aikacin yakan biya kamfanin dunƙulallen kuɗi da ya haɗa da duk waɗannan, har da ladan kamfanin. Tambayar ita ce ko kuɗin na isa CNSS. Kamfanin da ya ci kwangila saboda ya fi kowa arha dole ya nemi inda zai fanshe, kuma babu wuri mai sauƙi kamar kuɗin da mai shi ba zai neme shi ba sai bayan shekaru ashirin, ko sai ranar da babur ya kayar da shi a cikin rairayin hanyar Kornaka. Ranar ce zai ji cewa ba shi da lamba, ko yana da lamba amma ba a taɓa zuba komai a kanta ba. Akwai kamfanoni masu riƙon amana, ba shakka. Amma tsarin da ya dogara ga kirkin ɗan kwangila kaɗai, ba tare da mai duba shi ba, ajiyar nama ce a hannun kura.

Wanda ke ganin wannan magana hasashe ce, ya tuna da Akokan. Ranar 31 ga Maris 2021 kamfanin Cominak ya rufe mahaƙar yuraniyom ɗinsa da ke kusa da Arlit bayan fiye da shekaru 40 yana aiki. Ma'aikatansa na kansa, kimanin 600, an yi musu tsarin sallama. Ɗaruruwan da suka yi aiki a wannan rami ɗaya, suka shaƙi ƙura ɗaya, amma a ƙarƙashin sunan 'yan kwangila, ba su samu irin wannan sallama ba, suka yi ta kai kuka. Abin da ya raba su da abokan aikinsu shi ne tambarin da ke saman takarda. Idan hakan ta faru a garin da ke da ƙungiyoyin ƙwadago masu ƙarfi da idon 'yan jaridar duniya a kansa, mai shara a Sabon Mashi ko Birnin Lalle fa? A maƙwabciya Najeriya ma ƙungiyar ƙwadago ta NLC ta daɗe tana faɗa da wannan ɗabi'a, musamman a bankuna da kamfanonin mai, inda za a ga mutum ya shekara goma a kan teburi ɗaya ana kiransa na wucin gadi.

Wannan dabara ta ƙarshe ita ce ta fi cin rai. A ba mutum kwantiragin 'yan watanni, ya ƙare, a ce ya huta mako biyu, a sake ba shi wani. Ko kuma kamfani ya canza, ma'aikacin bai canza ba: bara sunan wani ne a rigarsa, bana sunan wani, amma ƙofar da yake gadi ita ce dai. Duk canji yana mayar da lissafin shekarunsa zuwa sifili. Aikin gadin ofis da ke buɗe duk shekara ba aikin damina ba ne, kuma kiransa na wucin gadi wasa da hankali ne.

Ko a tsarin farko, wanda aka yaba a sama, akwai ƙananan ramuka da ma'aikaci ke faɗawa, kuma ba a cika ganinsu daga Yamai ba. Kuɗin cirewa na ɗaya. Idan an yi da mutum a kan jaka 20, ya kamata jaka 20 ta shiga aljihunsa. Ladan mai cirewa nauyin wanda ya zaɓi hanyar biyan ne. Sai batun layi. Da yawa daga cikin matan da ke aikin rigakafi ba su da waya tasu, sai su ba da lambar miji ko ta ƙane, kuma ba sai an faɗa wa mai karatu yadda irin wannan kan ƙare ba. Wani kuma sunan da ke katin shaidarsa ya sha bamban da wanda aka rubuta a jerin ma'aikata da harafi ɗaya, sai na'ura ta ƙi shi, alhali akawun da ya san fuskarsa da tuni ya biya shi. A arewacin gundumar, wajen kwarin Tarka da rugagen makiyaya, akwai wuraren da sai an hau tudu ake samun layin waya, kuma mai cire kuɗi mafi kusa yana iya cewa yau ba shi da tsaba.

Akwai ma waɗanda aka fitar daga inuwar doka gaba ɗaya ta hanyar suna. A kira mutum ɗan sa kai, a kira abin da ake ba shi ihsani, shi ke nan ba albashi, ba CNSS, ba diyya. Sa kai na gaskiya abu ne mai kyau, kuma ƙauyuka sun san shi tun kafin zuwan kowace ƙungiya, gayya ma ai sa kai ce. Amma wanda aka yanka wa lokacin fitowa, aka ba shi adadin gidajen da zai shiga, aka sa masa mai duba shi, ana iya korarsa idan ya saɓa, wannan aiki yake yi, ko da wane suna aka laƙaba masa.

Matsayin wannan jarida shi ne: wanda ya ci moriyar gumin mutum shi ke da alhakinsa, ko ta hannun wa kuɗin ya bi. Ma'aikata ko ƙungiya tana da 'yancin ɗaukar wanda zai yi mata lissafin albashi, kuma sau da yawa hakan ya fi tsabta. Abin da bai kamata ta samu ba shi ne damar cewa "ba ruwanmu" ranar da albashin bai zo ba. Ya kamata ma'aikatar ƙwadago ta tabbatar, a aikace ba a takarda kaɗai ba, cewa idan kamfanin da ya ba da aron ma'aikaci ya gaza biyan albashi ko kuɗin CNSS, wanda ya ara ne zai biya nan take, daga baya ya je ya bi ɗan kwangilarsa bashi. Shi ke da lauya, shi ke da yarjejeniya a hannu, shi ya zaɓi kamfanin. Ranar da wannan ya tabbata, masu ba da kwangila da kansu za su fara tambayar shaidar biyan CNSS kafin su saki kuɗin wata mai zuwa, ba sai an roƙe su ba.

Sauran abubuwan ba su buƙatar sabuwar doka. Hukumar samar da ayyukan yi ta ANPE da ofishin sufeton ƙwadago su fitar da sunayen kamfanonin da ke da izinin wannan sana'a, a liƙa a ofishin shugaban gunduma da na ƙananan hukumomi, a karanta a gidajen rediyon al'umma da Hausa da Fulatanci da Tamashek. Sufeto ya riƙa zuwa Dakoro a watannin da ake ɗaukar ma'aikata, ya zauna kwana ɗaya ko biyu a wurin da aka sanar, maimakon ya jira wanda ba shi da kuɗin mota ya same shi a Maraɗi. Masu ba da tallafi daga waje, waɗanda ke neman rasit a kan kowace litar man fetur, su nemi irin wannan shaida a kan albashin mai gadin da ke tsare motar. Su ma manyan ƙungiyoyin ƙwadago irin su USTN da CDTN akwai gyara a gabansu, domin ƙarfinsu ya taru ne a kan ma'aikatan gwamnati da na manyan kamfanoni, ma'aikacin wata huɗu kuwa ba ya biyan kuɗin ƙungiya, don haka ba kasafai sunansa ke shiga takardar koke ba.

Kafin a fara ɗaukar ma'aikatan damina mai zuwa, duk wanda za a ba aiki a gundumar Dakoro ya kamata a faɗa masa da harshensa, a gaban shaida, wane ne ubangidansa a doka, nawa zai karɓa bayan an cire komai, ranar nawa ga wata kuɗin zai shigo, da kuma sunan ofis ɗin da ke cikin garin Dakoro da zai je idan bai shigo ba. A ba shi kwafin takardarsa da lambarsa ta CNSS ranar da ya fara aiki.